A Can Duk Sunanmu Sallaou

"Wannan? Ban san shi ba."

Sallaou yana saman katakon gini da cokalin siminti a hannu lokacin da maganar ta daki kunnensa. Ya leƙo ƙasa. Hajj Zuhair ne, ɗan kwangilar da ya yi shekara da shekaru yana yi wa gini, tsaye a gindin tulin bulo yana sakace haƙori. Kusa da shi ga jami'in banki, wani siririn Balarabe mai tabarau da ake kira Ustaz Sharhabil, yana nuna sama da biro.

"Ya Hajj, duba da kyau. Ya ce shi ne babban magininka. Bashin gida ya nema, ni kuma an aiko ni in tabbatar yana aiki a nan."

"Babban maginina ɗan ƙanwata ne. Sunansa ne a hukuma, shi ke karɓar albashi. Waɗannan," ya watsa hannu wajen leburori kamar mai korar ƙuda, "yau suna nan, gobe suna Tarabulus."

Sallaou bai san lokacin da ya diro ba. Siminti har gwiwar hannu, ya tsaya gaban jami'in yana haɗa Larabci da rantsuwa, yana nuna bango, yana nuna tafin hannunsa. Ustaz Sharhabil ya ja da baya don kada a ɓata masa riga.

"Ni ba hannu aka ce in duba ba. Mai wurin ya ce bai san ka ba."

Ya shiga mota ya tafi. Sai a lokacin Zuhair ya matso, ya dafa kafaɗar Sallaou, ya koma irin Hausarsa ta kasuwa.

"Sallaou, kai mahaukaci? Ni ce kai aiki nan, gobe hukuma zo, tambaya haraji, tambaya takarda. Kai gini, ni biya, khalas. Hau sama, siminti bushe."

Ɗan ƙanwar nan da ake magana bai taɓa ɗaga bulo ɗaya ba. Yana can bakin teku yana shan gahawa, wata na ƙarewa albashin babban magini na iske shi. Haka tsarin yake a lokacin, kowa ya sani. Shekarun ne da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa, rediyo na ta waƙar Afirka uwa ɗaya ce, motocin Agadas na sauke mutane a nan Sabha kamar buhunan gawayi. Gumi na 'yan Nijar, suna kuma na masu ƙasa.

Abin da ya sa Sallaou ya kai kansa banki ba boyayye ba ne. Matarsa Kaltoumi 'yar tsofaffin Hausawan Fezzan ce, yankin da Sabha take, masu takardun ƙasa tun kakanni, don haka gidanta na da haƙƙin bashin gida, in dai an tabbatar mijin na da aiki mai albashi. Ɗaki ɗaya suke haya a unguwar Mahdiya bayan wani gareji, ita da shi, ƙanensa Ayouba kuma na kwana a zaure. Makewayi ɗaya suke bi da makanikai. Yayyen Kaltoumi sun taɓa cewa ya zo ya tada ɗaki biyu a filin gidansu kyauta, ya ƙi. Shi ba ɗaki biyu yake so ba. Akwai wani gida a unguwar Abdulkafi mai koren ƙofa da tayal har tsakar gida, wanda shi ya ɗora shi tun daga tushe, an sa shi kasuwa. Shi yake so. Yana so ranar da yayyen nan masu kiransa leburan Nijar za su zo, su cire takalmi a ƙofarsa.

Da aka tashi aiki, tsoho Djibo mai gadin wurin ya kira shi gefe.

"Na ji abin da Balaraben nan ya yi maka. In aiki mai hatimi kake so, akwai mai bayarwa. Na-Rami ake ce masa, bayan juji na mahauta. Amma ni ban aike ka ba."

"Me ake kai masa?"

"Suɗin kwanon gidanka. Kuma ba a zuwa da dare. Tsakar rana ake zuwa, lokacin da inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka."

Washegari Sallaou ya kankare sauran makaronin da suka ci su uku, ya ƙulle a leda, ya bi bayan unguwar Manshiya har gidaje suka ƙare. Wari ne ya fara tarbarsa. Ƙasusuwan raƙuma ne tuli-tuli, da tumbi da ya kumbura a rana, korayen ƙudaje sun rufe shi kamar bargo. A tsakiyar wannan ƙazanta akwai wata bukka ta kwano da buhunan siminti.

Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya shiga.

Ba layu, ba ƙaho, ba jan ƙyalle irin na bokayen da ya sani a gida. Kayan aiki ne rataye ko'ina: shebur, diga, kwanon ɗaukar ƙasa, duk ƙotocinsu sun yi baƙi sun lotsa saboda riƙo. Wasu da busasshen jini a jiki. A tsakiyar ɗakin an kifa ƙofar wata tsohuwar mota a ƙasa, iska mai sanyi da warin rijiyar da abu ya mutu a ciki na fitowa ta gefenta. Bayan ƙofar wani ƙaton mutum ne zaune a kan katifa, tumbinsa ya zubo kan cinya, yana cin dabino yana tofa ƙwallon ta wata kafa da ke jikin ƙofar. Ba a jin ƙarar faɗuwarsa.

Hannuwansa Sallaou ya fi kallo. Lumɓu-lumɓu, masu sheƙi, kamar na amaryar da aka yi wata ana tsarewa.

"Magini," in ji Na-Rami, bai ɗago ba. "An ce ba a san ka ba."

"Haka ne, Baba."

"To ni ina da waɗanda za su san ka. Ɗaga ƙofar nan."

Sallaou ya ɗaga. Rami ne, baƙi ƙirin, an sassaƙa shi da hannu tun zamanin da ba wanda ya sani. Daga can ƙasa ana jin wani abu kamar bugun diga, nesa ƙwarai.

"Mutanen da suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasar nan sun mutu, amma masu kwangilar ba su mutu ba, kuma aikin bai ƙare ba. Suna ɗaukar ma'aikata. Suna da ofis, suna da mudir, wato manaja, suna da hatimi. Suna biya kan lokaci, ba irin Zuhair ba. Sunanka za a rubuta."

Sallaou ya ja da baya. "Ni ba zan shiga ramin nan ba, Baba."

"Wa ya ce ka shiga? Na ce sunanka."

"To wa zai yi aikin?"

Na-Rami ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Ɗan ƙanwar Zuhair ya taɓa tambayar wa ke yi masa nasa?"

Sallaou ya dubi ledar da ke hannunsa.

"Ka ga, kai ma ka iya. Kawo ledar."

Ya miƙa, amma bai saki ba. "Wannan abincin gidana ne. Me ya haɗa shi da maganar?"

"Kowane kamfani na son ya san inda ma'aikatansa ke cin abinci."

"Matata na ci a kwanon nan."

"Mai ƙarfi ake fara ɗauka. Matarka ƙarfi gare ta?" Ya tsare shi da ƙananan idanunsa. "In ba ka so, ga hanya. Koma ka hau katako. Gidan nan mai koren ƙofa akwai wani ɗan sanda da ya je dubawa jiya, har ya auna falo."

Kada wani ya ce Sallaou bai gane ba. Ya gane. Fuskar Ayouba ta gilma masa, ya kawar da ita kamar yadda Zuhair ya kawar da leburori. Ya gaya wa kansa aljanu ne za su yi, ko wasu can da bai sani ba. Ya saki ledar.

Na-Rami ya jawo reza mai tsatsa, ya kama tafin Sallaou, ya shiga feƙe kantar da shekaru suka tara, yanki-yanki kamar mai fere rogo, tana zuba cikin makaronin da ya fara tsami. Ya tofa yawu a kai, ya cuɗa da yatsa, ya juye a guga ya zura cikin ramin. Igiya ta yi ta tafiya. Can aka fizge ta daga ƙasa, har sai da ƙaton ya dafa bango. Da gugan ya dawo, an lashe shi tas, sai danshin yashi.

"Sunkuya ka faɗi sunanka."

Sallaou ya durƙusa a bakin ramin. "Sallaou!"

Bugun digar ya tsaya cak. Sannan muryoyi masu yawa, a gajiye, suka amsa tare: "Na'am."

"An ɗauke ka," in ji Na-Rami, ya koma kan dabinonsa. "Ka ce wa banki kamfanin haƙar ruwa, hanyar Ubari, bayan gona ta ƙarshe. Su je da rana."

Ustaz Sharhabil ya je. Ya dawo da takarda mai hatimi, fuskarsa fara fat, yana ta goge takalmi da hankici. Ya ce wa Sallaou ya ga ofis, ya ga motoci, ya ga mudir, wani dogon mutum da bai ba shi hannu ba, bai kuma ba shi shayi ba, abin da bai taɓa gani ba a Fezzan.

"Amma ya yabe ka. Ya ce ba su da ma'aikaci kamarka, ba ka gajiya, ba ka neman hutu." Ya buga nasa hatimin da sauri kamar takardar na ƙona shi. "Mabruk, ina taya ka murna. Duk shekara za mu sake tabbatarwa, ƙa'ida ce."

Kafin sanyi ya shigo sun tare a Abdulkafi. Aka yanka raguna. Yayyen Kaltoumi suka zo, suka cire takalmi a ƙofa, Sallaou na tsaye yana kallon ƙafafunsu. Albashi na shiga banki duk wata, banki ya cire nasa, abin da ya rage ya fi abin da yake samu a shekara. Ya sayi mota. Ya daina fita aiki. In Kaltoumi ta tambaya, sai ya ce shi yanzu mai duba ma'aikata ne, daga nesa ake yi. Tafin hannunsa ya warke, ya yi laushi, har zobe ya fara sawa.

Ayouba ne ya fara.

Ƙato ne, mai faci a bakin titi, wanda ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai yana waƙa. Wata rana bayan abincin rana ya kwanta a tsakar gida, aka yi ta tashinsa bai motsa ba. Kaltoumi ta zuba masa ruwa, a banza. Gumi kawai ke tsatstsafo masa, damatsansa na motsi, yana nishi kamar mai ɗaukar kaya. Sai da aka kira la'asar ya buɗe ido.

"Yaya, wallahi kamar an yi mini duka. Dubi hannuna."

Tafin ya fashe, ƙarƙashin farce cike da jiƙaƙƙen yashi.

"Faci ne," in ji Sallaou, yana kallon wani wuri. "Ka rage ɗaukar taya."

"Wane faci, yau ko shago ban buɗe ba! Matar yaya, ke ma kin gani, ko?"

Kullum haka. Rana na take tsakiya Ayouba zai zube duk inda yake. Aka kai shi asibiti, likita ya ce gajiya ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ƙaton nan ya zube kamar buhun da aka huda, kafaɗunsa suka saɓule, bayansa ya yi sawun igiya. Ya daina waƙa. In ya yi tari, ƙasa yake tofarwa. Ran da ya cika, bai farka da la'asar ba, shi ke nan.

Sallaou da kansa ya shiga wankan gawar. Da suka juya gawar, yashi ya fara zuba ta hanci da baki, ya yi ta zuba har ya toshe magudanar ruwa. Mai taya shi wankan ya fita da gudu yana amai. Sallaou ya tsaya ya kwashe yashin da hannunsa mai zobe, ya zuba a bokiti, ya kai bayan gida. Ya yi kuka, ba a ce bai yi ba. Amma ko a cikin kukan lissafi yake: saura wa ke ci a kwanon?

Kwana kaɗan bayan sadakar bakwai, Kaltoumi ta yi wata doguwar hamma a kan abincin rana, ta ce jikinta ya yi nauyi.

Sallaou ya miƙe ko hannu bai wanke ba. Ya ja mota zuwa shataletalen da matafiya ke tsugunawa da shebur suna jiran mai ɗaukar aikin yini, mutanen Mali da Gana da Nijar da Nijeriya, masu tara kuɗin motar da za ta kai su bakin teku. Ya sauke gilashi.

"Bayin Allah, wa ke jin yunwa? Sadaka nake yi wa ƙanena."

Suka cika motar har but. A ranar Kaltoumi ba ta yi barci ba.

Daga nan aka kafa babbar tukunya a ƙofar gida mai koren fenti. Kullum kafin azahar layi ne har kwanar titi: makaroni da jar miya, wani lokaci shinkafa da kan rago. Sallaou ke rabawa da hannunsa. In ya ga mai faɗin ƙirji sai ya ƙara masa tsoka, ya dafa shi.

"Ci, ɗan'uwana, ci ka ƙoshi. Hanya da nisa. Gobe ma ka dawo, ka zo da abokanka."

"Allah ya saka, Alhaji! Allah ya ƙara buɗi!"

Buɗi kuwa ya ƙaru. Yawan masu ci, yawan albashi. Har ƙarin girma aka yi masa a takarda. Da don tsare Kaltoumi kawai yake yi, da mutum biyu sun isa. Amma ya ɗora bene, ya sake mota, ya sayo tukunya ta biyu. Liman ya ambace shi a huɗuba. Ana cikin haka ake tsintar gawarwaki a ɗakunan haya na Manshiya, samari majiya ƙarfi, sun bushe kamar kilishi, bakinsu cike da ƙasa. Ba takarda, ba dangi. Motar shurta, wato 'yan sanda, ta zo ta kwashe, mai ɗaki ya share, ya sa wani.

Har Zuhair ya zo gaisuwa. Ya zagaya falon, ya taɓa labule, ya kama hannun Sallaou ya juya tafin yana murmushi.

"Ma sha Allah. Laushi. Yanzu kai gane aiki."

Amma matafiya ba dabbobi ba ne, suna magana. Daga Manshiya zuwa Mahdiya, daga Sabha har tashar Agadas, maganar ta bi motoci: in ka isa, ko yunwa za ta kashe ka, kada ka ci a gida mai koren ƙofa. Layi ya ragu. Ya koma mutum biyar, ya koma mahaukaci ɗaya, shi ma ya ɓace. Sallaou ya bi su shataletale da kuloli, suka watse kamar sun ga kura. Wani Bagobiri ya tofa masa yawu a gilashi. Tukwane suka yi ta tsami a ƙofa, tsutsa na motsi a cikin miya, maƙwabta na toshe hanci.

Ran nan Kaltoumi na tsaye tana wanke-wanke, ta sulale ƙasa.

Sallaou ya zauna a kanta har la'asar, yana kallon siraran hannuwanta na fashewa a gabansa, farce na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta taɓa komai ba. Da ta buɗe ido ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Na ga Ayouba."

"Mafarki ne, Kaltoumi. Zazzaɓi ne."

"Yana can yana haƙa. Bai huta ba, Maigida, mutuwar ma ba ta sallame shi ba. Na ga yaron nan ɗan Mali mai tabo a goshi, wanda ka ƙara wa nama. Na ga dukansu. Akwai wani dogo mai bulala, shi ke kiran suna kafin a fara." Ta tofar da yashi a kan tayal. "Suna ɗaya yake kira. Kowa ya amsa. Ni ma na amsa."

"Ki yi shiru, ki sha ruwa."

"A can duk sunanmu Sallaou." Ta ture kofin. "Ni na dafa abincin nan. Da hannuna na dafa musu, ina murna mijina mai tausayi ne. Allah ya isa tsakanina da kai."

Washegari tun rana ba ta take ba yana bukkar Na-Rami. Ya zube a gabansa.

"Baba, a cire matata. Ko nawa ne zan biya."

"Da kuɗin wa? Nasu?" Ƙaton ya tsotse yatsa. "Hanya biyu ce, magini. Ko ka kawo masu ci, ko mai sunan ya je ya kama aikinsa. Ka sauka da ƙafarka, a sallami kowa, har matattun. Albashi ya tsaya, banki ya karɓi gidansa, matarka ta koma gidan ubanta da ranta." Ya tura ƙofar motar da ƙafa, ramin ya buɗe. "Ga shi nan. Ba a kulle ba."

Sallaou ya matsa bakin ramin. Sanyin ya bugi fuskarsa. Ya ji digar, ya ji nishi, ya ji wata siririyar murya a ciki da ya sani, don rana ta riga ta take. Ya zura ƙafa ɗaya. Ya dubi takalminsa na fata, ya dubi hannunsa. Ya tuna benen da ko fenti ba a gama ba.

Ya janye ƙafar.

"Bari in je in kintsa, Baba. Gobe zan dawo."

Dariyar Na-Rami ta raka shi har bakin juji.

Bai koma ba. Kullum gobe. Kaltoumi kuwa tun tana farkawa da la'asar har ta koma ko ta farka ba ta dawo ba. Ta ɓalle tayal ɗin falo da yatsu, ta shiga haƙa ƙasa tana cika kwanon abinci tana juyewa a kan gado. In an kira Kaltoumi ba ta waiwaya. In wani ya ce Sallaou, sai ta miƙe tsaye cak ta ce na'am. Yayyenta suka zo, wannan karon da takalmansu suka shiga har ɗaki, suka naɗe ta a bargo. Babban ya tsaya gaban Sallaou, ya tofa masa yawu a gemu. Nisa bai cece ta ba. A gidan ubanta ma rana na takewa take zubewa, har ranar da aka yi mata wanka aka share yashi.

A watan nan albashi bai shigo ba. Na gaba ma haka.

Ustaz Sharhabil ya zo da kansa, ya ƙi shiga, ya tsaya nesa da tukwanen da ƙuda ya rufe.

"Na je sabunta tabbaci. Na bi hanyar Ubari har gona ta ƙarshe, na wuce, na dawo. Babu ofis, babu mota, babu ko sawun taya. Yashi ne kawai." Ya gyara tabarau. "Ban san me na gani bara ba, ba na kuma son sani. In wata ya ƙare albashi bai dawo ba, kamfaninka bai sake tabbatar da kai ba, za a rufe gidan nan."

Gidan ma ya fara rufe kansa. Falo ya lotsa ta tsakiya. Bango ya tsage daga tushe har bene, bangon da Sallaou ya ɗora da hannunsa lokacin yana mutum. In ya murɗa famfo, yashi ke zubowa. Yana zaune shi kaɗai a cikin wari, tumbi ya fito, hannu lumɓu-lumɓu, ba mai yi masa sallama, yara na jifan ƙofar su gudu.

Kai mai karatu, kada ka ɓata tausayinka a nan. An zalunci Sallaou, gaskiya ne. An ci guminsa an ce ba a san shi ba. Amma da ya samu dama, ba zaluncin ya ƙi ba, matsayinsa a cikin zaluncin ya ƙi. Duk wanda ya ce zai ba ka albashin aikin da ba ka yi ba, ka tambaye shi bayan wa za a ɗora kayan, kuma ka tsaya sai ya amsa. Boka ba ya ƙirƙirar dukiya, na kusa da kai yake yanka ya miƙo maka. Kwaɗayi kuma ba ya cewa ya isa: ya ci ƙane, ya ci baƙo, ya ci mata, ya zauna yana lasar baki. Wanda ya kai kansa bakin ramin nan ya sayar da lahirarsa, duniyar ma haya aka ba shi.

Saura kwanaki wata ya ƙare, da hantsi, aka buga koren ƙofar.

Sallaou ya leƙa. Wani dogon mutum ne da bai taɓa gani ba, rawani ya yi fari da ƙurar hanya, leɓɓansa sun tsage. Bayansa samari ne tsaye da jarkoki da ƙullin kaya, ƙarti, masu wuya kamar na bijimai.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Alhaji Sallaou? Sunana Illia, ni na auri ƙanwarka Rékia bayan tahowarka. Ta garin Gat muka biyo, ba ta Agadas ba, yanzu motar ta sauke mu, ko ruwa ba mu tsaya sha ba. Inna ta ce a gaishe ka, ta ce Allah ya yi maka albarka. Waɗannan 'ya'yan yayyenka ne, duk sun girma. Ta ce tunda kai ne babba a kamfani, ka sa su aiki."

Sallaou ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin cikinsu goshin Ayouba gare shi sak. Ya ɗaga kai ya dubi rana. Da sauran lokaci kafin ta take. Ya waiwaya ya dubi tsagaggen bangon, da benen da ba a gama wa fenti ba.

Ya buɗe ƙofar duka biyu.

"Maraba, maraba. Ku shigo daga ciki," ya ce. "Kun ci abinci kuwa?"